Bawul Mai Solenoyid da Ya Ƙi Rufewa: Gano Musabbabi da Hanyar Gyara a Gonakin Noman Rani

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsala guda da ke addabar gonakin da suka koma ban ruwa da na'ura, wato bawul mai solenoyid ya buɗe, lokacin rufewa ya yi, ruwa kuma ya ci gaba da kwarara. Maƙalar tana nuna cewa ƙarfin ruwa ne ke rufe wannan bawul, don haka galibin dalilan ƙin rufewarsa suna cikin ruwan: yashi, datti da ƙarancin matsi. An bayyana yadda bawul ɗin ke aiki, da gwaje-gwajen da ke kai mai gyara inda ciwon yake kafin ya sayi komai, da kurakuran da ake tafkawa tun ranar kafa tsarin.

1.0 Gabatarwa



Wanda ya san noman rani a Kadawa ko Kura ko Garun Malam ya san cewa ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, hannun mutum ne ke ba shi hanya, hannun mutum ne kuma ke tare shi. Manomi ya sa fartanya ya fasa kunya, fangali ya cika, ya toshe. In ruwa ya wuce ƙa'ida, mai gona yana tsaye yana gani.

A 'yan shekarun nan wani salo ya shigo. Masu lambu da masu rumfar shuka suna haƙa rijiyar burtsatse, su sa famfo mai sola, su ɗora tanki a sama, su shimfiɗa tiyo mai ɗigo, sannan su miƙa buɗewa da rufewa ga na'ura. A Jamhuriyar Nijar, fasahar Abdou Maman ta sarrafa ban ruwa da wayar salula ta sa ya sami babbar lambar yabo ta duniya kan ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. A kowane tsari irin wannan, umarnin da ya fito daga waya ko na'ura dole ya sauka a kan famfo ko bawul. In bawul ɗin ya ƙi bin umarni, babu kowa a tsaye da zai gani.

Asarar ba ƙarama ba ce. Mu ɗauki fili mai bakin ɗigo 2,000, kowane baki yana zubar da lita 2 a awa. Lita 4,000 ke nan a awa guda, wanda ke nufin tankin lita 5,000 zai ƙare cikin awa ɗaya da kwata. In famfo ne ke turo ruwan kai tsaye, dare guda ya isa ya jiƙe saiwar tumatir ko albasa ta rasa iska, ya wanke takin zamanin da aka sayo da tsada ya gangara da shi inda saiwa ba ta kaiwa. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Mai gyara ya zo, ya ce solenoyid ya ƙone, a sayo sabo, a ɗaura, ruwa ya ci gaba da zuba. An bar jaki ana dukan taiki. Manomin da aka yi wa haka sau biyu yakan cire na'urar gaba ɗaya ya koma hannu, ya kuma gargaɗi maƙwabtansa kada su yarda da ita.

2.0 Yadda Bawul Ɗin Ke Aiki

Ba a gyara wannan bawul sai an fahimci cikinsa, don haka zan ɗan daɗe a nan.

In aka kwance murfin, za a tarar da faifan roba mai kauri, wanda masu gyara ke kira dayafiram, yana zaune a kan wani baki mai zagaye. Zaman faifan a kan wannan baki shi ne rufewa, ɗagawarsa shi ne buɗewa. Tsakanin faifan da murfin akwai ɗan sarari, da sifirin mara ƙarfi sosai. A jikin faifan, ko a jikin bawul ɗin a wasu ƙirar, akwai wani ɗan rami da bai wuce kaurin allura ba. Ta nan ruwan da ke shigowa yake hawa ya cika sararin da ke sama.

Da zarar saman ya cika, matsin ruwa a sama da ƙasa ya zama ɗaya. Amma faɗin da ruwan sama ke dannawa ya fi faɗin da ruwan ƙasa ke turawa. Matsi na bar 1 yana daidai da nauyin kusan kilo 1 a kan kowace santimita murabba'i. A misali, idan matsi bar 2 ne, saman faifan santimita murabba'i 30, ƙasan da ruwa ke turawa kuma 10, to kilo 60 ne ke danna shi ƙasa, kilo 20 ke tura shi sama. Wannan rarar ce ke riƙe bawul a rufe.

Aikin solenoyid ɗan ƙarami ne. Kwayil ne na wayar tagulla da aka nannaɗe, da ɗan sandan ƙarfe a tsakiya mai roba a bakinsa. Robar tana toshe wani rami na biyu, wanda ya fi na farko faɗi, kuma yana fita ne zuwa ɓangaren gona. In na'ura ta turo wuta, galibi bolt 24 na AC, kwayil ya zama maganaɗisu ya ja sandan sama. Ruwan da ke saman faifan ya sami mafita, yana fita fiye da yadda yake shigowa, matsin sama ya faɗi, ruwan ƙasa ya ɗaga faifan, gona ta sha. In wuta ta ɗauke, sandan ya koma ya toshe ramin, saman ya sake cika a hankali, faifan ya sauko ya zauna. Shi ya sa bawul mai lafiya ma ba ya rufewa nan take, yana ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi, kuma da gangan aka ƙera shi haka don kada bugun ruwa ya fasa bututu.

Daga wannan bayani ana iya fitar da ka'ida guda da ta isa ta jagoranci duk binciken. Bawul zai ƙi rufewa ne idan ruwa ba ya shiga saman faifan, ko yana shiga yana zurarewa, ko kuma faifan ya sauko wani abu ya hana shi zama. Kwayil da ya ƙone kuwa, a mafi yawan lokuta bawul ne da ya ƙi buɗewa yake haifarwa, tunda ba ya iya jan sandan.

3.0 Bin Sawun Matsalar

Kafin komai a rufe bawul na hannu da ke gaban filin don a ceci shuka. Gonar da aka kafa ba tare da bawul na hannu kafin kowane bawul mai solenoyid ba, an zalunci mai ita.

Sai a tantance irin zubar. Akwai bawul da ke buɗe gaba ɗaya, kowane bakin ɗigo yana aiki kamar lokacin ban ruwa. Akwai mai yoyo kaɗan-kaɗan ba dare ba rana. Akwai kuma na uku wanda ba laifin bawul ba ne sam. A fili mai gangare, ruwan da ya rage a cikin tiyo yakan gangara ya fita ta bakunan da ke ƙasa bayan an rufe. Alamarsa ita ce yana tsayawa da kansa in tiyon ya tsane, kuma ruwan tanki ba ya raguwa.

3.1 Raba Wuta da Ruwa

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. A mayar da ruwa, a cire waya ɗaya daga solenoyid, a jira minti guda. In bawul ya rufe, lafiyarsa ƙalau, wuta ce ke zuwa masa lokacin da bai kamata ba. Sai a koma kan na'ura. Sau da yawa saiti ne: an sa lokutan farawa uku ko huɗu a shiri ɗaya, yana gamawa yana sake tashi. In saiti daidai yake, a sa mita a bakin tashar na'ura da wayar wannan bawul ke fitowa daga cikinta a ga ko tana fitar da bolt 24 alhali a kashe take, wanda ke nuna tashar ta lalace. In ba haka ba, a bi waya. Ɓera da gara suna cinye bawon waya a ƙarƙashin ƙasa, wayar fili ɗaya ta haɗu da ta wani, duk lokacin da aka kunna wancan wannan ma ya buɗe.

Mai mita zai iya auna kwayil ɗin a nan. Na AC mai bolt 24 yakan nuna tsakanin om 20 zuwa 60. In ya faɗa cikin wannan zango, ba shi da dalilin sayen sabo.

Gwajin cire waya yana da iyaka da ya kamata a jaddada, domin ta shafi gonakinmu kai tsaye. Inda babu wutar gari, na'urori masu batir ake sawa, kuma su wani irin solenoyid suke amfani da shi, mai maƙalewa. Ɗan bugun wutar DC ne ke buɗe shi, maganaɗisun dindindin da ke ciki ya riƙe sandan, sai an turo wani bugun ta juyayyar hanya yake sakewa. Cire waya ba ya rufe irin wannan. In batir ya mutu yana buɗe, a buɗe zai kwana. In aka juya jar waya da baƙa wajen haɗawa, zai buɗe lokacin rufewa ya rufe lokacin buɗewa. Ana gwada shi da ƙaramin batir mai bolt 9: a taɓa wayoyin na ɗan lokaci, a juya a sake taɓawa, a saurari ƙarar sandan yana hawa da sauka.

Akwai kuma kuskuren da sola ta kawo. Wasu kan haɗa solenoyid na AC kai tsaye da batir mai bolt 24 na DC, tunda lambar ɗaya ce. Kwayil ɗin zai ja wutar da ta ninka wadda aka ƙera shi ya ɗauka, ya yi zafi, robar da ke kewaye da sandan ta lanƙwashe ta kama shi a sama.

3.2 Abin da Hannu Zai Iya Gyarawa Daga Waje

In an cire waya ruwa bai tsaya ba, kuma solenoyid ɗin ba mai maƙalewa ba ne, an gama da wuta. Yawancin waɗannan bawuloli ana buɗe su da hannu ta hanyoyi biyu: a murɗa solenoyid kwata zuwa hagu, ko a sassauta ƙaramin sukurun da ke kan murfi. Ma'aikacin gona ya buɗe da hannu ranar da na'ura ta ƙi, ya manta bai mayar ba, shi ke nan. A murɗa su biyun zuwa dama da yatsu har su zauna. Kada a sa filaya, domin zoben roba ne ke toshe wurin, ƙarfi kuma tsaga robar murfin yake yi. A duba jikin murfin ko yana gumi, domin tsaga ko sukurun da bai ɗauru ba yana zubar da ruwan sama kamar yadda solenoyid ke yi. A duba kibiyar da ke jikin bawul. In sabon kafi ne kuma bai taɓa rufewa ba, akwai yiwuwar an ɗaura shi a juye.

Sannan a yi gwajin da na fi ganin amfaninsa, wanda kuma masu gyara ba su cika yi ba. Bawuloli da yawa suna da madanni a tsakiyar murfi na rage ƙarfin ruwa. A murɗa shi ƙasa har ƙarshe a hankali. Wannan yana danna faifan a kan bakinsa ba tare da taimakon ruwa ba. In ruwa ya tsaya cak, bakin da fuskar faifan lafiyarsu ƙalau, matsalar tana ga ƙananan ramukan nan biyu, ko sandan solenoyid, ko yagewar faifan, ko matsi. In ruwa ya ci gaba da fita, akwai abin da ya tokare bakin. Mai gyara ya san abin da zai nema tun bai kwance sukuru ɗaya ba.

3.3 Cikin Bawul

A rufe ruwa, a sassauta sukurun murfi matsi ya fita, a share ƙasar da ke kewaye don kada ta rufta ciki. A fara da solenoyid. A danna sandan da yatsa: ya kamata ya shige ya dawo da kansa ba gardama. In yana jan jiki, yashi ko tsatsa ya shiga tsakaninsa da bangonsa. A kalli robar bakinsa, a kalli ramin da take toshewa. Ƙwayar yashi guda a nan ta isa ta bar fili a buɗe.

Sai murfi. A kula da sifirin, yana tsalle ya ɓace a cikin laka. A lura da yadda faifan yake zaune kafin a ɗaga shi. Abin da aka saba tararwa a ƙarƙashinsa abu ne da ido zai raina: 'yar tsakuwa kamar ƙwayar gero ta lafe a bakin, ta bar ɗan gurbi a jikin robar, ko ɓarɓashin bututun roba da ya zuba ciki ranar da aka yanka shi da zarto, ko busasshen gam, ko zaren farin tef da aka naɗa fiye da kima ya tsinke ya shiga ruwa. A shafa bakin da yatsa. In an ji kaushi ko tsaga, jikin bawul ɗin ya tashi aiki.

A ɗaga faifan a kalli rana ta cikinsa ana ɗan jan gefensa, yagewa za ta bayyana. A nan ƙira tana da tasiri. A bawul da ruwa ke shigowa ta ƙarƙashin tsakiyar faifan, gefen faifan yana kallon ɓangaren gona ne, don haka in ya yage ruwan sama ya zurare, bawul ya kwana a buɗe. A ƙirar da ruwa ke shigowa ta gefe ya fita ta tsakiya, yagewar ƙara cika saman take yi, bawul ya tsaya a rufe. Ga gonar da babu mai kwana a cikinta, wannan ƙira ta biyu ce ta fi dacewa.

Ɗan ramin nan na farko shi ne aka fi mantawa. In ya toshe, ruwa ba zai hau sama ba, faifan ba zai taɓa saukowa ba. A wanke shi da ruwa da tsohon burushin haƙori. Kada a zura masa ƙusa, domin in ya faɗaɗa har ya kai faɗin ramin solenoyid, an sayi sabuwar matsala, bawul zai ƙi buɗewa. Kada kuma a shafa wa faifan giris ko baƙin mai, suna kumbura wasu nau'o'in roba. Kafin a mayar da murfi, a ɗan saki ruwa ya tunkuɗo dattin da ke cikin bututu. A ɗaure sukurori gicciye, wannan da na tsallakensa, har murfin ya zauna daidai.

4.0 Yashi da Tsayin Tanki

Duk abin da na lissafa a sama gyaran yau ne. In bawul ɗaya yana komawa gidan jiya kowane mako biyu, a daina kallonsa, a kalli ruwan.

Rijiyoyin da ake haƙawa a fadama suna jawo yashi mai laushi. Tanki mara murfi yana shan ƙurar hunturu, rana kuma ta sa gansakuka ta tsiro a ciki. Wasu rijiyoyin burtsatse suna da sinadarin ƙarfe a narke, ruwan ya fito garau, ya sha iska a tanki ya koma ja ya bar laka. Masu zuba taki ta cikin tiyo su ma suna ƙara nasu, domin in takin da ke da kalsiyam ya haɗu da mai fosfet ko salfet a mazubi ɗaya, farin gari ne ke kwantawa. Maganin duk wannan filta ce kafin bawul, mai lamba 120, wadda ke tare duk abin da ya kai kimanin maikiron 130. Inda yashi ya yi yawa, a sa mazurarin da ke juya ruwa ya ware yashi kafin filtar, in ba haka ba za ta riƙa toshewa kullum, ma'aikaci ya gaji ya zare cikinta ya jefar. Na sha buɗe gidan filta na tarar da shi wayam.

Matsalar matsi ta fi wannan zurfi, domin ba ta wankuwa. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan bawuloli sukan rubuta mafi ƙarancin matsin da suke buƙata, galibi bar 1 zuwa 1.5. Kafin ruwan tanki ya ba da bar 1, sai saman ruwan ya kai tsayin kusan mita 10 daga bawul. Tankin da ke kan ƙarfe mai mita 4 bar 0.4 yake bayarwa, daga ciki filta da bututu su ci nasu, kuma yana raguwa yayin da tankin ke sauka. Tsarin lambun ɗigo da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore a Nijar ta yaɗa, da gangan aka gina shi a kan ma'ajiyar ruwa mai tsayin kusan mita 1, wato bar 0.1, kuma tiyon ɗigo yana aiki da hakan. Bawul mai faifai ba zai yi aiki yadda ya kamata a wurin ba, ko da jiya aka fito da shi daga kwali. Faifan yakan tsaya rabi, bai buɗe ba bai rufe ba.

Girman bawul ma yana da hannu. Mutane suna ganin in an sa babba an yi abin kirki. Amma saman faifan yana cika ne saboda bambancin matsi tsakanin mashiga da mafita. Ɗan ruwa kaɗan da ke ratsa babban bawul ba ya haifar da wannan bambanci. A irin wannan hali, a rage madannin murfi har a ji ruwan ya fara ƙara, hakan na ƙara bambancin, yana kuma rage nisan da faifan zai sauko. Sau da yawa wannan kaɗai ke warkar da bawul mai jinkirin rufewa.

Inda matsin bai kai ba, zaɓi biyu ne na gaskiya. Ko a sa ƙaramin famfo bayan tanki ya ɗaga matsin, ko a bar bawul mai faifai gaba ɗaya a sa mai ƙwallo wanda ƙaramin injin lantarki ke juyawa, domin shi bai dogara da matsin ruwa ba, kuma hanyarsa a buɗe take ba ƙananan ramukan da yashi zai toshe. Ina ganin a yawancin lambunan da ke shan ruwan tanki, na biyun ne ya dace tun farko, kuma ya kamata kwalejojin aikin gona da masu horas da masu gyaran famfo su sa ma'aunin matsi a hannun kowane ɗalibi kafin su koya masa ɗaura bawul.

5.0 Kayan Gyara da Babban Bawul

Faifan wani kamfani ba ya shiga jikin na wani, wani lokacin ma ƙira biyu na kamfani ɗaya ba sa musanya. Mai kafa tsari ya sa iri ɗaya a duk gonar, ya bar wa manomi ƙarin bawul guda a ɗakin ajiya. Ranar da faifai ya yage, ba sai an yanka bututu ba: a kwance murfi da faifai da sifirin da solenoyid na sabon, a ɗora a kan tsohon jikin, muddin bakinsa lafiya lau yake.

A gonar da ke da filaye da yawa, a ƙara babban bawul guda a kan bututun da ke fitowa daga tanki ko famfo. Yawancin na'urorin ban ruwa suna da tasha ta musamman dominsa, tana buɗe shi ne kawai idan wani fili yana kan sha. In bawul ɗin fili ya maƙale a buɗe da daddare, ruwa zai same shi ne a lokutan ban ruwa kaɗai, sauran awoyin babban ya tare. Sai dai shi ma in mai faifai ne, matsi da tsabtar da ƙananan ke buƙata su yake buƙata, don haka mazauninsa bayan filta ne, da ma'aunin matsi ɗaya a gaban filtar ɗaya a bayanta, yadda ma'aikaci zai gane ta toshe daga bambancin alluran biyu.